Faifan da Yaya Ya Bayar

Jiya 'yata ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Mama, saurara." Sai ga muryar yayana da muka binne tuntuni, yana cewa, "Ka. Ƙa. Maimaita." Innalillahi! Tsintsiya ta suɓuce daga hannuna.

A shagonsa na kasuwar Katako, cikin ƙamshin itacen da ake yankawa, ya naɗi karatun yara a ƙananan faya-fayan kwamfuta. Kowa ya shigo sai ya ba shi ɗaya: "Ka kwafa, ka ba wani." Na taɓa ce masa, "Yaya, kasuwa kake ci ko sadaka?" Ya yi dariya har da tari. "Ke dai masifaffiya! Iri a rumbu ba ya tsiro."

Da ya rasu na kulle sauran a gwangwani, na hana kowa taɓawa. Bara aka buɗe, duk sun yi fumfuna, ko ɗaya bai yi magana ba. Ashe wani da ya karɓi kyautar ya ɗora nasa a intanet, inda ake adana tsoffin faya-fayai, a can 'yata ta samo shi.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Yadda muryarka ta isko ni, Allah ya sa ladan ya iske ka.