Ruwan Wankin Ƙodar Da Na Zaɓa Wa Yayana

Edita, a shekarun tamanin ni malamin asibiti ne a Dutsin-Ma, ina ji da ƙuruciya da ɗan ilimina. A gidanmu na Kurfi kuwa, in na yi magana a kan ciwo, ba mai ƙarawa.

Ana nan sai ƙodar yayana ta daina aiki. Manomi ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. A babban asibitin birni likita ya sa masa siririyar roba a ciki: a zuba ruwan magani, ya jima yana janyo dattin jini, sannan a tsiyaye shi. Da ya ga aikina ne, ya yarda mu koma gida in riƙa yi masa. Ruwan iri biyu ne, mai ɗan sukari da mai sukari da yawa. Ya ja min kunne cewa kada in taɓa mai ƙarfin, wato mai yawan sukarin, sai kumburi ya tsananta, domin yawansa yana ƙona tantanin da ya lulluɓe hanji, wanda shi ke yin tacewar.

Ranar da na fara sa mai ƙarfin, kumburin ƙafafun Yaya ya sace. Ya sa takalminsa, ya taka har gona ya dubo geronsa. Ya dawo yana roƙona in riƙa sa masa wannan, wai ya gaji da miya lami da ruwan sha na awo da likita ya ɗora shi a kai saboda kumburin. Na kasa ce masa a'a. In mun je asibiti, sai in ce kumburi ne ke yawan tasowa, a ƙara mana mai ƙarfin.

Ba a yi shekara biyu ba ruwan ya daina fita yadda ya kamata. Likita ya ce tantanin ya yi kauri, ya taurare kamar ƙirgi, kuma ba ya komawa. Ya tambaye ni sau nawa nake sa mai ƙarfin. Yaya ne ya amsa, ya ce shi ya tilasta ni, kada a ga laifin ƙaninsa. Bai ƙara ganin damina ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma likitan ya ce ko mai sauƙin ma yana cin tantanin a hankali. Amma har yau ina tuhumar kaina. Ku masu jinya, ku bi abin da likita ya gindaya, ku faɗa masa gaskiya. Ni murmushin Yaya na rana guda na duba, na kira shi tausayi.