Kaciyar da aka yi wa Habu kafin tafiya

Shekara arba'in ke nan da rasuwar ƙanena Habu, kuma har yau idan wanzami ya ratsa layinmu a Zongo sai in kawar da kai.

Yana da shekara bakwai ɓargonsa ya daina yin jini. Lokacin juyin juya hali ne, kowa ana ce masa kamarad, wato abokin gwagwarmaya, fita ƙasa kuwa sai an sha wuya. Da ƙyar Baba, mai fataucin shanu, ya samu aka yarda za a kai shi Faransa dashen ɓargo. Muna jira Habu ya daina cin abinci, ko miyar ganye ba ya haɗiyewa, ga magungunan kashe ƙwayoyin cuta wata da watanni. Likita ya ce sinadarin da ke sa jini ya daskare, bitamin K, ya ƙare a jikinsa. Ya ce kada ko ƙaya ta taɓa shi sai an yi masa allura.

Baba bai ji wannan da kunnen kirki ba. Abin da ke cinsa daban ne. “Ɗana ba zai je ƙasar Nasara ba kaciya ba,” in ji shi. “In ta Allah ta kasance can, wa zai wanke shi?”

Da hantsi aka kira Tanko wanzami. Yanka ɗaya ya yi. Jini ya cika kaskon da aka tara, ya jiƙe zanen Inna, ya bi rariya. Aka danna toka, aka ɗaure, ya ɓalle. Baba ya shaƙe Tanko yana buga kansa da bango har haƙora suka zube, 'yan kwamitin unguwa suka shigo da kulake suka rufe Baba da duka. Inna tana ihu, “Ku bar su, ku ɗauki yaron!” Kafin a samu mota leɓen Habu ya yi fari. A cinyata ya cika, muna hanyar asibiti, wajen unguwar Gbégamey.

Yanzu jikokina ana haihuwarsu ake yi musu allurar nan, ba wanda ma yake tambayar sunanta. Da Habu zai gani, na san dariya zai yi, don shi mai tsoron allura ne na gaske. Ni dai haushi nake ji, kuma ban taɓa iya raba shi da tausayin Baba ba, wanda bai ƙara cin kasuwa ba har ya mutu.

Habu bai bar hoto ba. Amma cikin mu 'yan'uwansa shida da aka gwada don dashen, ɓargona ne kaɗai ya dace da nasa. Yana nan cikin ƙashina, ya tsufa tare da ni, ba wanda ya zo karɓa.