Na Kori Abokan Baba Saboda Tulun Iska

Har yau ina jin sautin, wani siririn huci kamar na kumurci, yana fita daga tulun ƙarfen da na girke a ɗakin Baba. Lokacin ina ƴar shekara goma sha tara, na gama lise, wato babbar sakandare, a Gaya ta bakin iyakar Benin, kaina cike da littattafai, ina ganin ba abin da ya fi ƙarfin karatu. Baba direban kamyo ne, babbar motar ɗaukar kaya, shekara talatin yana ƙetara gada zuwa Benin. Da ɓarin jikinsa ya shanye, sai ya juya fuska bango. Abinci sai an lallaɓa, magana sai ta dole.

A waya na karanta cewa ana gwada iskar oksijen a kan baƙin cikin da ke biyo bayan wannan ciwo. Ban ƙarasa karantawa ba. Na tafi wajen masu liƙa ƙarfe da wuta a bayan tasha, na samo tulu. Mai wurin ya ce mini tasu iskar ta ƙarfe ce, ba ta mutum ba, na ce masa na fi shi sani.

An gargaɗe ni kada wuta ta kusanci tulun. Abokan Baba, tsofaffin direbobi, kullum bayan la'asar suna zuwa da garwashin shayi da sigarinsu, suna tsokanarsa wai ya kwanta ne don gudun wahalar hanyar Doso. Su kaɗai ke sa gefen bakinsa ya motsa. Na tare su a zaure na ce likita ya hana ziyara. Ƙarya na yi. Babbansu ya dube ni ya ce to ƴata, Allah ya ba shi lafiya, suka kwashe butarsu.

Bayan wata biyu likita ya ji labari. Ya ce abin da na karanta ɗin, a asibiti ake yin sa cikin ɗaki na musamman, kuma ana kan bincikensa. Ya sa aka fitar da tulun, ya rubuta magani, ya ce a cika ɗakin da mutane. Na aika aka kira abokan, amma kunya ta hana ni faɗa wa Baba gaskiya. Da suka shigo, ya rufe ido. Na ɗauka ciwon ne.

Ƴan uwana, kada ku yi wa majinyaci magani da rabin karatu, kuma kada ku raba shi da masu sa shi dariya. Shekara uku da rasuwarsa, Inna mahaifiyata ta gaya mini dalilin rufe idon. Baba ya rasu yana zaton abokansa ne suka guje shi ranar da ya daina amfani.