Mutanen da Sunka Tura Mini Mota

Ni ba mai karatu ba ne, lakwal ɗin ma, wato makarantar boko, ban daɗe ba babana ya fizge ni ya maida ni gona, don haka mai neman zance mai ado sai ya nemi wani. Abin da zan faɗa muku ni ya sama, ba a bakin kasuwa na tsince shi ba, in na ƙara komai a kai Allah yana gani na.

A shekarun da anka buɗe gidan siminti na Malbaza ina cikin masu lodin buhu a manyan motoci, buhu a ka buhu a baya tun safe har la'asar, har ranar da ƙuguna ya ce ya isa. Na koma ƙauyenmu, can tsakanin Illela da Badaguishiri, ba sai na faɗi sunansa ba. Noma ba ya yiwuwa da ƙugun ga, dako ba ya yiwuwa, ga ni ga mai ɗakina Rabi mu biyu, don Allah bai bar mana ɗa a raye ba. Abu guda na tsinta a Malbaza, direbobi sun koya mini tuƙi a filin lodi. Sai na sa wa raina in na sami mota ko wace iri ce, zan riƙa kai mutane kasuwar Illela da ta Badaguishiri mu ci tuwo.

Na same ta a bayan wani gareji a Konni. Baƙar mota ce mai zagayen baya irin ta zamanin Nasara, an ce wani Bature ya bar wa akawunsa ita da za shi gida, akawun ya ja ta har ta mutu a hannunsa. Kaji ke ƙwai a cikinta. Na ba da bijimin da ya rage mini, mai garejin ya karɓa yana dariya, wani direban siminti da munka saba ya ɗaure ta da igiya ya jawo mini ita har ƙofar gida. Rabi ta leƙo ta dube ta ta ce, "Malam, wannan gyaranta za a yi ko jana'izarta?" Na ce ta jira ta gani.

Wanda ya taimake ni maƙwabcina ne, Saje Mamman, tsohon soja da ya ja mota a sojan Faransa ya dawo da ƙafa guda ta shanye. Shi baki, ni hannu. Yana zaune kan turmi yana zagina ina kwance ƙarƙashin mota. Ba abin da munka saya sabo. Tayoyi huɗu, kowacce da uwarta. Tankin mai ya rube, sai munka ɗaure galan a saman mota munka jawo tiyo zuwa inji. Kujerar baya buhunan gero ne na cusa musu ƙaiƙayi Rabi ta ɗinke. Gilashin baya babu, tabarma na kafa a wurin, madubi kuwa ko labarinsa. Fenti ragowar na wani mai shago ne, na sirka shi da kananzir don ya isa, shi ya sa har ta bar hannuna bai taɓa bushewa sosai ba, in ka dafa sai ka ji yana kama ka. Batir ɗin da na samu ya iya ba da wuta amma bai iya tada inji, sai an tura. Buji kuma, waɗannan 'yan ƙarafan da ke kunna wuta cikin inji, tsofaffi ne, kullum sai sun yi baƙi sun toshe. Saje ya koya mini in ta mutu in kwance su in kankare da wuƙa in maida.

Ranar da ta fara tashi, samarin gari sunka tura ta, ta yi tari ta yi hayaƙi ta kama, na yi gaba abina don murna na zagaya gari na bar su tsaye. Da na dawo Saje ya kusa rotsa mini kai da sandarsa. Ya ce, "Kai ɗan dako, ba ka da tarbiyyar hanya. Wanda ya sa hannu ya tura maka mota ya biya kuɗin mota da ƙarfinsa. Ko za ta mutu sau goma, ka tsaya, ka dubi fuskarsa, ka ce hau. In ya ce ba ya zuwa, to shi ya yafe. Amma ba ka barin mai turi a ƙasa yana kallon bayanka." Na ce na ji, Saje. Ya ce, "Ba ka ji ba, kunnen naka ma guda ne." Gaskiyarsa, kunnena na dama tun ciwon yarinta ya mutu.

To kafin in fara ɗaukar fasinja sai fari ya sauko, wannan babban farin da anka yi kafin soja su karɓi mulki. Wanda ya gani ya gani. Gero bai yi ba, rumbu ya zama ɗakin ɓera, kasuwar da nake wa buri ta koma wurin da ake sai da ƙwarya da tabarmar kwana. Wa zai hau mota? Mutane da ƙafa suke tafiya, daga arewa suke gangarowa, Buzaye da Fulani da dabbobinsu sunka ƙare, da manoma irinmu, kowa ya nufi kudu, Konni ko tsallaken iyaka. Wasu sun isa, wasu a gefen hanya anka tona musu. Ni kuma ina zaune da mota a ƙofar gida, na ba da bijimi na karɓi ƙarfe, ƙarfen ba ya ciwuwa.

A cikin haka Rabi ta kwanta. Tari ne da farko, sai ƙafafu sunka kumbura, ashe rabonta na abinci take tura mini tana cewa ta ci a gidan Saje. Munka yi rubutu, munka yi saiwa, ba sauƙi. Saje ya ce in ba gidan likita na Konni ba, matar ga ba ta kai damina. Shi ya nemo mini mai cikin galan, ban tambaye shi inda ya samo ba. Munka kwantar da Rabi kan buhunan baya, 'yan mazan da sunka rage a gari sunka tura, na ce su hau sunka ce mu sauka lafiya.

Bazara ce, rana kamar ta faɗo. Mun wuce Badaguishiri da kaɗan, rana ta take tsaka, akwai wata busasshiyar ƙorama da hanya ke ratsawa, yashi ne zalla. Ina shiga mota ta yi tari sau biyu ta mutu. Na fito na duba gabas na duba yamma, ba mutum ba dabba, ko tsuntsu babu, sai ƙasusuwan shanu can gefe. Na buɗe gaban mota na kwance bujin nan huɗu, duk sun yi baƙi, na saki murfin ya rufe, na raɓa gefen mota inda 'yar inuwa take ina kankara da wuƙa. Ina kankara ina tunanin ko na gama wa zai tura? Ni da ƙugun ga, cikin yashi, ko jaki ban iya turawa. Rabi tana ciki numfashinta kamar ana jan zarto. Na ce, "Rabi, ki yafe mini, na fito da ke daga ɗakinki na kawo ki daji." Ta ce, "Bar faɗin haka, Malam. Ga mutane nan."

Wallahi ban ji tafiyar kowa ba. Murya kawai na ji daga bayan mota, ta namiji, a shaƙe kamar wanda ya daɗe bai sha ruwa ba, ya ce, "Mai mota, shiga mu tura." Na ɗaga kai na hangi kawunan mutane ta saman mota, rawani a yage, wata mace da goyo, ban tsaya ƙirga su ba, ban ko yi musu sallama ba. Na zabura na faɗa ciki na sa giya. Motar da maza ke nishi kafin su motsa ta a kan tudu, sai ga ta tana fita daga yashi sumul kamar ana jan zare. Na saki kuloci, na ji ta girgiza tana fuf-fuf-fuf, na ce alhamdu lillahi ta kama.

Nan ne wurin da ya kamata in tsaya. Maganar Saje ta zo mini, ba mantawa na yi ba. Amma na ce a raina in na tsaya ta sake mutuwa fa, in kuma mayunwata ne su da yawa sunka cika motar sunka danne mini mara lafiya fa? Na fid da hannu ta taga na ce, "Allah ya saka, ku yi haƙuri, mara lafiya gare ni," na taka.

Mun yi nisa sai Rabi ta ce, "Malam, tsaya su hau."

Na ce, "Su wa? Mun baro su tun ƙorama."

Ta ce, "Suna nan. Ina ganin ƙafafunsu ta ƙasan tabarma."

Na ce zazzaɓi ne, ta rufe ido. Madubi babu, tabarma ta tare baya, ni kuma wuyana ya ƙi juyawa, ban san dalili ba. Abin da na lura shi ne tafiyar motar ba ta canzawa. In na taka mai haka take, in na ɗaga ƙafa haka take, hawa da gangara duk ɗaya. Na ce halin tsohuwar mota ne. Can Rabi ta sake cewa, "Mai goyon ta gaji, Malam. Ko ita kaɗai ka ɗauka, sai in tashi zaune." Na daka mata tsawa na ce ta yi mini shiru, matar da tun da anka kawo ta gidana ban taɓa ɗaga mata murya ba. Sai dai jefi-jefi ina jin ta da kunnena mai ji tana cewa a hankali, "Sannunku. Sannunku da ƙoƙari."

Mun shiga Konni da la'asar. Daidai ƙofar gidan likita mota ta tsaya da kanta, ban taɓa birki ba. Ma'aikata sunka ɗauke Rabi zuwa ciki, ni na zauna a ƙasa na jingina da taya. Na sa hannu aljihu in ɗauko ɗan goron da Saje ya ba ni, sai na ji ƙarfe. Na fiddo. Buji huɗu, ga su a tafina, biyu na kankare biyu ban kai gare su ba.

Wanda ya san mota ya san abin da nake faɗi. Wanda bai sani ba, ya tambayi kowane makanike ko mota na tafiya taku guda da wutarta ba buji. Na tashi na buɗe gaba, ga ramukan nan huɗu a buɗe, wayoyi na reto. Na zagaya baya. Fentin nan mai danƙo ya cika da sawun hannuwa, tun daga saman boti har gefen tayoyi, manya da ƙanana, siraran yatsu kamar kara, wani kan wani. Akwai guda can ƙasa wanda bai fi na yaron da anka yaye ba. Na duba titi, masu talla ne da jandarma guda kan keke, kowa na harkarsa.

Rabi ta yi 'yan kwanaki a gidan likita. An yi mata allura, an ba ta kunu, har kumburin ya fara sauka, babban ma'aikacin wurin ya ce mini in sa rai. Ni ban gaya mata zancen buji ba, ita ma ba ta sake tada maganar hanya ba. Sai wata safiya ina ba ta ruwa ta dubi ƙofa ta ce, "Har yanzu suna tsaye, Malam. Ba wanda ya ce musu su zauna." Na ce su wa kuma? Ta ce, "Waɗanda sunka kawo mu. Ba su san garin ba. Tun da ba ka ɗauke su ba, bari ni in taka musu." Na riƙe hannunta na ce ba inda za ki. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Kai dai da taurin kai." Kafin azahar ta cika. A Konni anka rufe ta, cikin baƙi, ba ta ko samu kwanciya kusa da 'ya'yanta ba.

Da na koma gida da ƙafa na ba Saje labari, bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya juya bujin a hannunsa ya daɗe, ya miƙo mini ya ce, "Ka dai yi musu sadaka." Na tambayi malamai, wani ya ce aljanun tsakar rana ne, wani ya ce ba a faɗin abin da ba a sani ba, kwananta ne ya ƙare. Na yarda kwananta ne. Amma har yau in na kwanta sai in tambayi kaina, da na tsaya a ƙoramar nan na ce ku hau, da ta rayu? Ko da nan za mu ƙare mu biyu cikin yashi, tun da motar ba ta da wuta? Ban sani ba, kuma ba mai gaya mini.

Motar ban sake taɓa ta ba. Na bar ta nan jikin katangar gidan likita, mai gadi ya sa duwatsu ya tare tayoyin. Da na koma Konni bayan damina ya ce mini ya gaji da maida duwatsun nan, kullum sai ya tarar ta gusa kaɗan, kuma kullum wajen maƙabarta take gusawa. Daga baya masu ƙira sunka yanka ta sunka yi murhu da faranti. Bujin suna nan cikin gwangwani a ɗakina.

Ku masu mota, yanzu kun yi yawa, batir ɗinku sabo, ba ku san turi ba. Amma ranar da ta mutu muku a daji da tsakar rana, wani ya ce shiga mu tura, ku yi sallama tukuna, ku zagaya ku dubi fuskarsa. In ta tashi ku tsaya ku ce ya hau, ko wane ne, ko ba ku da wuri. Ni ban tsaya ba, ga ni nan na tsufa ni kaɗai, in na ji ana tura mota a bakin titi sai in shige ɗaki in ja ƙofa.