Madambacin Mero

Labaran maƙerin sanholo ne a Doka, tun Kaduna tana rabin gari rabin ciyawa. Mutum ne mai yawan tafiya a zaune. Sai ka gan shi riƙe da guduma, idonsa yana can wajen shirwa tana shawagi. Amma in aka zo huji, to hankalinsa ya dawo gida. Tsinkunan hujinsa suna cikin wani gwangwanin taba, wani kaurin ƙusa, wani bai fi allura ba. Yakan ce sanholo ƙarfe ne mai shagwaɓa, ka danne shi ya lotsa, ka yi sauri ya liƙe wa tsinke, sai an lallashe shi da ɗigon kananzir.

Matarsa Mero dambu take yi, masinjojin ofisoshi ba sa wuce ƙofarta. Madambacinta na ƙasa ne, ginin mahaifiyarta, shi kaɗai ya rage mata na marigayiyar. Ranar da akuya ta ture shi ya fashe, Mero ba ta yi kuka ba. Ta dai daina hura wuta, ta daina 'yar waƙar da take yi in tana tankaɗe. Shirun nan ya hana Labaran sakat.

Ya buga mata sabo na sanholo, ya zaɓi tsinke guda, ya jera huji layi-layi, tsaf. Mero ta shafa, ta ajiye.

"Sannu da aiki, Malam. Amma ba shi ba ne."

Haushi ya kama shi, don bai taɓa yin huji mai kyan wannan ba. Da zuciyarsa ta huce, sai ya zaga bayan ɗaki ya tsinto gindin fasasshen. Ya zauna yana gwada tsinkunansa a kafofin, wannan ya shige, wancan ya tsaya a baki. Ashe babu kafa biyu da suka zo ɗaya. Sai ya riƙa ganin tsohuwar, mahaifiyar Mero, a ransa, tana gindin bishiya, ɗanyen yumɓu a cinyarta, tana huda shi da kara, da tsinken tsintsiya, da ƙaya, duk inda hannunta ya faɗa.

Ya sake buga wani. Ya zazzage gwangwanin kaf, ya bi sawun tsohuwar, babba nan, ƙarami can, har siririn tsinkensa ya karye bai damu ba.

Da hantsi ya miƙa mata. Mero ta ɗaga shi sama ta tari rana, yadda ta saba duba kafar da ta toshe. Haske ya zubo mata a fuska a warwatse, manya da ƙanana. Ta daɗe a tsaye, hawaye na bin kumatunta.

"Haka yake zubowa a tsakar gidanmu," in ji ta. Ta share ido da bakin zane. "Malam, miƙo min ashana."