Saratu da Motarta Marar Taya

Duk mai bin layinmu na Tudun Wada da sassafe ya san ƙarar injin markaɗen Saratu matar Bitrus. Kafin rana ta yi zafi ta sallami masu wake da masu tattasai, ta wanke hannu, ta shiga bin gidajen yaran da ƙungiyar taimakon marayu ta unguwa ke kula da su: wa ya karya, wa ya yi wanka, wa ke kuka a ɓoye. Ran Asabar kuwa injin a rufe yake wuni. Takan kwashe yaran zuwa bakin gulbi ko gonar wani a Wanke, da tabarma da buta a ka don kada azahar ta wuce su, ita da ba sallar take yi ba. Shekara tara ke nan, don Allah kawai.

Ni tsohuwa ce, iyakata ajin yaƙi da jahilci, kuma kowa ya san bakina ba ya zama. Bari in faɗi laifina kafin Saude maƙwabciyata ta riga ni.

Shekarar da aka ba mu jiha ɗana Ummaru da matarsa suka rasu a haɗarin mota tsakanin Tsafe da Kucheri. 'Yarsu Rufaida, mai shekara shida, tana cikin motar, ta fita ba ko ƙwarzane. Sai dai tun ranar magana ta ɗauke mata. Da ta ji ƙugin mota sai ƙarƙashin gado. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Likita ya ce a kai ta Zariya. Da wace ƙafa, yarinyar da ko kallon mota ba ta yi?

Ana haka Saratu ta tsiro da wani sabon abu. A garejin Gambo bakanike akwai wata matacciyar bas da aka ɗora kan duwatsu, ba taya ba inji. Ta share ta, ta cika ta da yara, ta kama sitiyari tana ƙugi da baki. Na leƙa ta katanga na kira Saude.

"Zo ki ga ikon Allah. Matar Bitrus za ta kai ɗiyan mutane Legas cikin gawar mota."

"Mi ta sha?" in ji Saude.

Gidan suna uku na kai labarin nan, har da kwaikwayon tuƙi.

Sai ga ta a ɗakina. "Inna, ki ba ni aron Rufaida ran Asabar."

"Ina za ki kai ta?"

"Ba ko'ina. Motata ba ta tashi."

"Ai na sani."

"Na san kin sani, Inna. An ce kin fi ni iya juya sitiyari."

Kunya ce ta sa na ba ta yarinyar. Ashe duk wasan nan don ita aka shirya shi.

Asabar ta farko Rufaida ta ƙame can gindin dalbejiya. Saratu ba ta kira ta ba. Yara na karɓa-karɓar zama kwandasta, ana ihun "Bunguɗu! Tsafe! Akwai mai sauka?", Gambo na miƙo gyaɗa ta taga kamar mai talla a tasha. Ta uku ta zauna kan matakalar bas ɗin. Ta shida ta shiga ciki. Daga nan Saratu ta riƙa sa Gambo ya tada injin wata mota daga nesa, kowane mako a matso kaɗan.

Bayan wata huɗu aka ɗauko mota mai rai, za a kai yara ganin dutsen Kwatarkwashi. Hanyar Tsafe ce, wadda ta ci iyayenta. Rufaida ta riƙe zanen Saratu ta hau. Na wuni a ƙofar gida ban yi da kowa ba, har Saude ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Da la'asar motar ta shawo kwana. Kafin ta tsaya sai na ji wata siririyar murya, a shaƙe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba:

"Direba, akwai sauka! Ga Inna can!"

Na zube a ƙasa ina hamdala. Wata goma sha huɗu rabona da muryar nan. Ta sauko tana ba ni labarin mikiya da ta gani a kan dutse, kuma har yau ba ta rufe baki ba. Saude ta ce gado ne.

Saratu, uwar 'ya'yan wasu, ke ce kika yi tafiyar wata huɗu a motar da ba ta motsa ba, kika dawo mini da jikata. Ke ce kika ji gulmata kika zo da dariya. Na gode, Allah ya saka miki, ya ba gwiwar nan taki sauƙi, don na ga yanzu da ƙyar kike hawa matakala.

Ku kuma masu ƙafa lafiya, Asabar ɗaya ba ta kashe kowa ba. Akwai sabbin yara biyu a gindin dalbejiya. Ku zo garejin Gambo, za ku same ni a bakin ƙofar mota ina kiran garuruwa. Saratu ta ce tunda bakin ba ya zama, gara a ba shi aiki.