Motar Alhaji Barau a Cikin Rafi

Cikin duk shekarun da na yi ina wankin mota, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da rafi ya kusa tafiya da motar Alhaji Barau a hannuna. Ku da kuke aiki a nan yanzu kun tarar da daɓen siminti da rijiya da injin feshi, kuna kuma yi mini dariya idan na ce kada direba ya bar wurin nan da makulli a aljihunsa. To ku gyara zama ku ji inda dokar ta samo asali.

Shekara uku ke nan ko huɗu da samun mulkin kai. Ina da aure da 'ya ɗaya, gonar gadonmu kuma ta yi mana kaɗan ni da 'yan'uwana. Sai na lura manyan motoci masu bodin katako da ke kawo kaya kasuwar Makarfi suna isowa caɓe-caɓe da laka, direbobi kuwa mutane ne masu son a ga motarsu tana ƙyalli. Na sayi bokiti biyu da soso da sabulu, na yayyanka tsohon bargo na yi tsumma, na kama wuri a mashigin wani rafi da ke bayan gari. Jarin ke nan gaba ɗaya.

A mashigin akwai falalen dutse wanda ruwa ke bi ta kansa iya idon sawu. Direba zai shigo da baya ya tsaya a kan dutsen, goshin mota na kallon tudu. Ya kashe inji, ya bar ta a giya, ya ja birkin hannu, ni kuma in cusa waji, wato guntun katakon da ake tokare taya da shi. Sai in jira inji ya huce, in kankare lakar ƙasa da itace, sannan in wanke daga sama zuwa ƙasa. Gidan direba kuwa, wato inda yake zama a cikin motar, shara da guga kawai aka yarda in yi. Wani direba ya taɓa ce mini in na kuskura na taɓa sandar giya, motar za ta tashi da kanta ta bi ta kaina. Na kuma yarda, ba ko tantama.

Mutum ɗaya ne ba ya ƙaunar ganina a wurin, Malam Tanimu, wani dattijo mai lambu a ƙasa da mashigin. Da rani kumfar sabuluna da baƙin man motoci suna gangarawa cikin ruwan da yake ba tumatirinsa. Sau biyu yana kai ƙarata gaban mai unguwa. A na biyun na ce rafi ba gadon gidan kowa ba ne, a gaban jama'a, ga mutumin da a shekaru ya haife ni. Tun daga ranar ko na gaishe shi sai dai ya kalli gefe. Ni kuwa ina ganin na ci nasara.

Ranar da nake ba ku labari ranar kasuwa ce, damina ta zauna, ana ta huɗa. Da hantsi Mamman Dogo, direban Alhaji Barau na Kudan, ya sauke kaya ya kawo mini motar. Sabuwa ce fil, ba ta yi wata biyu a hannunsu ba, kuma kowa ya san Alhaji gonaki ya sayar ya saye ta. Mamman ya zare makulli ya jefa a aljihu, ya ce, “Sale, ina so in ga fuskata a jikinta. Zan shiga kasuwa neman lodi, sai bayan azahar.”

Na ce, “An gama, maigida.”

Na wanke sama, ina kan ƙofa ta biyu, sai na ga ruwan da na ɗebo a bokiti ya sauya. Da fari-fari ne, yanzu ya yi ja. Na duba rafi, ga karan dawa da busassun ganye suna wucewa. A kanmu rana ce tarwai, amma can gabas wajen Ikara sama ta yi baƙi ƙirin. Ni ɗan manomi ne, na san abin da wannan ke nufi: an yi ruwa mai yawa a can sama, kuma yana tafe.

Na kafa tsinke a bakin ruwa don in gwada. Kafin in matse tsumma tsinken ya nutse. Daga mashigin zuwa kasuwa tafiya ce mai ɗan nisa, kuma neman mutum ɗaya a kasuwar Makarfi ranar cinta aikin yini ne. In na tafi, ba zan dawo in tarar da mota ba. In na tsaya, ban san abin da zan yi mata ba. Na zagaya ta sau uku ina salati, har na sa kafaɗa na tura, ni kaɗai, don ku ji inda ruɗewa ke kai mutum. Ina ta ganin fuskar Alhaji Barau, da ta matata, da ƙofar gidan yari.

A gonar da ke kan tudu kuwa ba kowa sai Malam Tanimu da ƙaninsa, kowanne da shanun huɗa biyu. Wallahi na fi minti ɗaya a tsaye ina neman wata dabara da ba ita ba. Da ruwa ya taɓa ƙwaurina sai na ruga. Na zube a kan kunya a gabansa, ko sallama ban iya yi ba, na ce, “Baba, ka rufa mini asiri. Ruwa na zuwa, direba ya tafi da makulli.”

Ya dubi rafi, ya dubi gabas. Bai dube ni ba. Ya ce da ƙaninsa, “Kwance garma, ka taho da sarƙa.”

Kafin mu iso ruwa ya kai gwiwa. Suka ɗaura sarƙa da igiya a ƙarfen gaban mota, suka jera shanu huɗu, wasu masu dawowa daga kasuwa su biyar suka ajiye kayansu suka shiga ta baya. Aka daka wa shanu tsawa, suka ja har suna durƙushewa. Mota ko gezau.

Malam Tanimu ya ce, “A ɗaure take. Hau ka kwance ta.”

Na ce, “Baba, ban iya ba. An hana ni taɓawa.”

Ya ce, “Shekara biyu kana shiga cikin motoci da tsumma, idonka a rufe yake? Hau!”

Na hau. Ga abin takawa guda uku a ƙasa, waɗanda nake goge wa laka kullum ban san aikin ko ɗaya ba. Na rufe ido na tuno Mamman Dogo yana shigowa da baya ɗazu: ƙafarsa ta hagu tana nutsewa, sannan hannunsa ya motsa sandar. Na taka na hagun har ƙasa, na kama sandar giya ina jiran motar ta yi tsalle. Ba ta yi ba. Sandar ta zame ta dawo tsakiya tana lilo. Na yi ihu a ja. Aka ja, ta girgiza ta tsaya. Ruwa ya fara lasar matakalar ƙofa, ina jin bayan motar yana ɗan karkata. Sai idona ya faɗa kan birkin hannu. Na kama shi da hannu biyu na ja, na tura, ya ƙi, sai da na matse wani ɗan ƙarfe a jikinsa ya sake.

Wannan karon ta motsa. Taku ɗaya, taku biyu, ina riƙe da sitiyari ban san me nake yi da shi ba, Malam Tanimu yana cikin ruwa har cinya yana kiran shanunsa da sunayensu. Da tayoyin baya suka hau busasshiyar ƙasa, wani ya jefa dutse ya tokare su. Ban sauko ba sai da na ji ƙugin. Ruwan ya iso gaba ɗaya, ja wur, ɗauke da reshen itace, ya rufe falalen dutsen ya wuce tsayin mutum. Bokitina biyu da wajin tun a nan muka rabu.

Mamman Dogo ya dawo bayan azahar yana shan rake. Ya dubi rafi, ya dubi motarsa a kan tudu, sai raken ya faɗi daga hannunsa. Ya zauna a ƙasa. Daga baya shi ya koya mini tuƙi, kuma shi ya bi direbobi yana ba da labarin har suka riƙa kawo mini motoci daga Ikara da Kudan.

Da yamma na je gidan Malam Tanimu. Ɗaya daga cikin shanunsa sarƙa ta yanke shi a ƙafa, yana zaune yana ɗaure masa magani, ga shi kuwa tsakiyar lokacin huɗa ne. Na durƙusa na yi godiya, na kuma nemi gafarar maganar da na yi gaban mai unguwa.

Ya ce, “Kai ka ce rafi ba gadon kowa ba ne. Yau ka ga kai ma ba naka ba ne.” Ya ci gaba da ɗaurinsa. Can ya ce, “Akwai fako a bakin gonata ta gefen hanya, ba ya fitar da ko ciyawa. Ka kwashe sabulunka ka koma can, ka haƙa rijiya.”

Fakon nan shi ne inda muke yanzu. Abin da na koya a ranar shi ne, duk motar da aka bar maka amana ce, kuma ba ka karɓar amanar da ba za ka iya matsar da ita ba in ta ɓaci. Shi ya sa makulli ke zama a ƙusar can. Na kuma koyi duba inda ruwan wankina yake gangarawa, don akwai mutum a can ƙasa. Ramin da nake sa ku kwashe kowane mako kuna gunaguni, don kada baƙin mai ya kai fadama na haƙa shi. Jikokin Malam Tanimu ne ke lambu a wurin har yau.